Taurin Ruwa: Abin da ke Kashe Kifi da Tsirrai a Akwatin Gilashi

Ɗalibi kan tara kuɗin tararsa ya sayi akwatin gilashi, ya dasa tsirrai, ya zuba kifayen ado, amma kafin wata guda ganye ya yi rawaya, kifi ya fara mutuwa. Sau da yawa matsalar tana cikin ruwan ne, ko da ido na ganinsa garau.

Ruwan da ya ratsa duwatsun farar ƙasa, irin waɗanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, yakan kwaso sinadaran kalsiyam da magniziyam. Yawansu shi ake kira taurin ruwa. Alamarsa a gida ita ce sabulu ya ƙi kumfa, ko farin ɓawo ya taru a gindin butar shayi. Ana auna shi da ma'aunin dGH, kuma dGH 1 kusan miligiram 18 ne na sinadarin farar ƙasa a cikin lita guda. Masu sayar da kifin ado kan sayar da 'yar takardar gwaji.

Kowace halitta da ruwan da ta saba. Kifin neon tetra, ɗan asalin yankin kogin Amazon, ruwa mai laushi yake so, amma gofi da moli sun fi walawa a mai tauri. Tsiron anubiyas, wanda asalinsa rafukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, yana jure kowanne. Don haka ku auna ruwanku tukuna, sannan ku zaɓi abin da za ku kiwata.

Ku lura da lokacin zafi. Idan ruwa ya tashi ya zama tururi, sinadaran suna nan a akwatin. Duk sanda kuka cike giɓin da ruwan burtsatse, taurin ƙaruwa yake yi. Ku cike da tsabtataccen ruwan sama, ban da na farkon damina da ke wanko ƙurar kwano. Kowane mako ku canza kashi ɗaya cikin huɗu kawai, domin sauyi na lokaci guda yana firgita kifi.

Kafin ku saka dutsen ado, ku ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, zai ƙara wa ruwan tauri, sai ku nemi wani.