Gajeren adireshi: Yadda ɗan kasuwa zai gane tallar da ke kawo masa ciniki a intanet

Duk wanda ke sayar da kaya ta waya ya san wannan halin. Ka ɗora hoton atamfa ko turaren wuta a sitatus ɗinka na WhatsApp, ka tura a zaurukan unguwa, ka biya Facebook kuɗin talla, sannan ka biya wata mai ɗimbin mabiya a Instagram ko TikTok ta yi maka bidiyo. Bayan mako guda ciniki ya ɗan motsa.

Daga cikin ƙofofin nan huɗu, ta ina masu sayen suka shigo? Yawancin ƙananan 'yan kasuwa hasashe kawai suke yi. Wata mai zuwa su sake biyan wadda ta fi yawan mabiya, alhali mai yiwuwa sitatus ɗin da ba a kashe masa ko sisi ba ne ya kawo rabin cinikin.

Akwai hanya mai sauƙi ta rage wannan lalube cikin duhu, kuma da waya kaɗai ake yin ta: gajarta adireshin intanet.

Mene ne gajeren adireshi?

Kowane shafi a intanet yana da adireshi, wato rubutun da ake latsawa a shiga. Wani adireshin kan yi tsawon layi uku ko huɗu, cike da lambobi da alamomi. Kamfanonin gajarta adireshi suna karɓar dogon, su ba ka gajere mai 'yan haruffa, irin waɗanda ke farawa da bit.ly ko tinyurl.com.

TinyURL na cikin na farko-farko. Wani Ba'amurke mai suna Kevin Gilbertson ne ya buɗe shi a shekarar 2002. Bitly ya biyo baya a 2008 a birnin New York, kuma ya yi tashe ne a lokacin da Twitter, wanda yanzu ake kira X, ba ya barin saƙo ya wuce haruffa 140. Harafin "ly" da ke ƙarshen bit.ly alama ce ta adireshin ƙasar Libiya, kamar yadda "ng" yake na Najeriya, "ne" kuma na Nijar.

Da farko rage tsawo ne manufar. Daga baya 'yan kasuwa suka gane cewa ƙirgar da ke tattare da shi ta fi gajartar amfani.

Idan mutum ya latsa gajeren adireshi, wayarsa ba ta tafiya kai-tsaye shafinka. Tana fara biyawa ta kwamfutar kamfanin da ya gajarta shi, can a rubuta cewa wani ya wuce, sannan a tura shi inda za shi. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Kamar mai gadin da ke bakin ƙofar kasuwa ne, yana ƙirga masu shiga.

Abin da ake rubutawa ya haɗa da yawan latsawa, rana da lokaci, ƙasar da mutum yake, irin na'urar da yake riƙe da ita, wani lokaci har da shafin da ya fito.

Adireshi ɗaya ga kowace ƙofa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gajarta adireshi guda ɗaya a watsa shi ko'ina. Wanda ya yi haka zai ga jimillar latsawa, amma bai san daga ina suka fito ba.

Abin yi shi ne a ƙirƙiri gajeren adireshi daban ga kowace hanya, ko da duk shago ɗaya suke kaiwa. Ɗaya na sitatus, ɗaya na zaurukan WhatsApp, ɗaya na tallar Facebook, ɗaya na mai tallar Instagram. Idan masu talla biyu ka ɗauka, kowa da nasa. Yawancin manhajojin suna ba da damar sanya wa adireshin suna, don kada su rikice maka.

Wannan ya fi muhimmanci ga masu dogaro da WhatsApp, domin idan mutum ya shigo shafi daga saƙon WhatsApp, galibi na'urorin ƙirga ba sa ganin daga inda ya fito. Sai su lissafa shi cikin waɗanda suka zo da kansu. Adireshin da aka keɓe wa WhatsApp kaɗai shi ke warware wannan.

To wanda ba shi da shafin intanet fa, lambar waya ce shagonsa? Shi ma yana da hanya. WhatsApp yana da adireshin da ke buɗe hira kai-tsaye: a rubuta wa.me/ sannan lambar waya da lambar ƙasa a gaba, 234 a Najeriya ko 227 a Nijar, ba tare da alamar tarawa ko sifirin farko ba. Wannan adireshin ma ana gajarta shi. Ana kuma iya haɗa masa saƙon da zai fito a rubuce da zarar hirar ta buɗe, misali "Na ga tallarku a Instagram". Idan kowace hanya tana da nata saƙon, mai saye da kansa zai faɗa maka ta inda ya zo.

Masu shafin intanet kuwa za su iya ƙarawa da alamomin UTM, wasu 'yan kalmomi da ake liƙawa a wutsiyar adireshi kafin a gajarta shi. Uku ne manya: utm_source mai nuna inda mutum ya fito, utm_medium mai nuna irin hanyar, da utm_campaign mai nuna sunan tallar, kamar ta Sallah ko ta komawa makaranta. Sunan ya samo asali ne daga kamfanin Urchin, wanda Google ya saya a 2005 ya gina Google Analytics a kansa. Da waɗannan alamomin ne za ka bi sawun mutum bayan ya shigo, ka ga ko ya duba kaya ya fita ko ya saya.

Latsawa ba ciniki ba ne

Nan ne mutane da dama ke ruɗuwa. Ganin latsawa ɗari huɗu yana faranta rai, amma ba latsawa ake kaiwa banki ba.

Mu ɗauki misali da lissafi. A ce mai sayar da lesi ta biya mai talla Naira 50,000, aka latsa adireshinta sau 400, mutum huɗu suka saya. Kowane mai saye ya ci mata Naira 12,500. Ta kuma biya Facebook Naira 20,000, aka latsa sau 150, mutum goma suka saya. Nan kowane mai saye Naira 2,000 ya ci. Sitatus ɗinta kuwa sau 60 kacal aka latsa, amma mutum tara suka saya, ba ta biya kowa ba.

Da yawan latsawa za ta duba, mai tallar ce kan gaba. Da ta raba kuɗin da ta kashe da yawan masu saye, sai ta ga ita ce ta ƙarshe. Don haka alƙaluman manhaja ba sa wadatarwa sai an haɗa su da littafin ciniki, inda ake rubuta wanda ya saya da hanyar da ya biyo.

Su kansu alƙaluman suna da tangarɗa. Mutum ɗaya zai iya latsawa sau biyar, shi ya sa wasu manhajojin ke raba jimillar latsawa da yawan mutanen da suka latsa. Akwai kuma na'urori masu sarrafa kansu da ke bin adireshi, waɗanda kan shiga lissafi idan manhajar ba ta tace su ba. Mai tallar da ba shi da amana zai iya amfani da irinsu ya kumbura adadi. Idan ka ga latsawa ɗari uku cikin minti biyar da tsakar dare, daga ƙasashen da ba ka aika kaya, kuma babu wanda ya yi maka ko sallama, ka san da sake.

Bayanin gari ma ba abin dogaro ba ne sosai. Ana gano shi ne ta lambar da kamfanin layi ya ba waya, don haka wanda ke Kano ko Gusau zai iya bayyana kamar yana Legas.

Abin da ya kamata a kiyaye

Na farko shi ne yarda. 'Yan damfara sun daɗe suna amfani da gajeren adireshi wajen yaɗa saƙonnin data kyauta, tallafin gwamnati na bogi da ɗaukar aiki, saboda yana ɓoye inda zai kai mutum. Mutane da yawa sun koyi tsoron latsa shi, kuma suna da gaskiya. Ɗan kasuwa zai rage wannan tsoron idan ya sanya sunan shagonsa a wutsiyar adireshin maimakon haruffan da aka jefa barkatai, ya kuma bayyana a saƙon inda zai kai. Mai karɓar saƙo kuma, idan adireshin na Bitly ne, zai iya ƙara alamar + a ƙarshensa ya ga inda ya nufa kafin ya shiga.

Na biyu, gajeren adireshi haya ce a gidan wani. Google ya buɗe nasa mai suna goo.gl a 2009, ya daina karɓar sababbin masu amfani a 2018, sannan a 2024 ya sanar cewa adireshin za su daina aiki ranar 25 ga Agustan 2025. Daf da ranar ya sassauta, ya ce waɗanda ake ci gaba da latsawa za su rayu, waɗanda aka daina amfani da su kuma za su mutu. Wanda ya buga irin wannan adireshi a leda, kwali ko allon shago ya ga yadda shawarar kamfani ɗaya za ta iya rufe masa ƙofa. Abin da za a buga ya daɗe, gara a sa lambar waya ko adireshin da mutum ya mallaka.

Na uku, kyautar tana da iyaka. Tsarin da ba a biya galibi yana ƙayyade yawan adireshin da za a ƙirƙira a wata, cikakkun alƙaluma kuma sai an biya, sau da yawa da dala. Sharuɗɗan suna sauyawa, don haka a duba su kafin a watsa adireshi.

Na huɗu, bayanan mutane amana ne. Gajeren adireshi ba ya nuna sunan wanda ya latsa, amma da zarar ka fara tattara sunaye da lambobin waya, ka shiga hurumin dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Sayar da lambobin abokan ciniki ko jefa su zaure ba da izininsu ba zai iya jawo hukunci, ban da zubewar mutunci.

Wanda ke son gwadawa ba sai ya jira babbar talla ba. Ya zaɓi kaya guda ɗaya, ya ƙirƙiri adireshi uku, ya ware shafi ɗaya a littafinsa, ya bar su mako biyu. Ranar da mai talla ya dawo neman a sabunta kwangila, sai a buɗe littafin a gabansa a yi ciniki.