Badujalar Bala Miller da Kiɗan Baƙaƙen Amurka

Wanda ya ratsa Gyadi-Gyadi ko Tarauni ranar Asabar da la'asar, lokacin bukukuwa, zai ji kiɗa yana tashi daga zauren taro kamar runduna ce ta fito. In ya leƙa kuwa, ba zai tarar da kowa ba sai yaro guda da kwamfuta da manyan lasifikoki. Dattawan da suka ga zamanin garmaho sun san wani irin kiɗa dabam, wanda ba ya tashi sai an tara mutum goma sha biyar ko fiye, wasu na busa, wasu na ganga, duka suna bin hannun shugaba ɗaya. Daga cikin irinsa akwai wanda ake kira sol, watau kiɗan ruhi.

Baƙaƙen fatar Amurka ne suka fitar da shi bayan 1950. A majami'unsu ya tsiro, inda mutum ɗaya ke jan baiti jama'a na amsawa, sa'an nan irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauke shi suka kai dandali. Duk wanda ya taɓa sauraron Mamman Shata da 'yan amshinsa ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai a can ƙahonin tagulla su ma suna amshi tare da mutane. A 1970 James Brown ya sauka Ikko da makaɗansa, samarin ƙasar nan suka ruɗe da kwaikwayonsa.

A Arewa, wanda ya ɗauki nauyin babbar ƙungiya irin wannan shi ne Bala Miller. An haife shi a Pankshin a 1928, amma asalin gidansu Zariya ne. Hailaif ya fara koya a Ikko, kuma bai taɓa rabuwa da shi ba. A 1977, shekarar bikin FESTAC, ya tara makaɗa a Kaduna ya sa musu suna Great Music Pirameeds of Afrika, sunan da lalle zai tuna wa ɗan kasuwar Kano dalar gyaɗa. Abin da ya bambanta shi da 'yan kwaikwayo shi ne, ya ari busar Amurka da taken gangarta, amma ya ɗora musu harshen Hausa da nasiha irin ta manya. Waƙarsa da ta fi shahara ita ce "Ikon Allah". Bayan 1980 har fili aka ba shi a talbijin na ƙasa, ana kallonsa a gidaje.

Abin mamaki, girmamawar da aka yi wa wannan aiki daga London ta zo. A 2001 wani kamfanin faifai mai suna Strut ya tattara tsofaffin kiɗe-kiɗen ƙasar nan cikin kundin da ya kira Nigeria 70, ya sa "Ikon Allah" a ciki. Shekara biyu bayan haka, a 2003, Bala Miller ya rasu.

Dalilin da ya sa irin ƙungiyarsa ta yi wuya ba ɓoyayye ba ne ga mai lissafin ciniki. Kayan busa daga waje ake sayo su da tsada. Mabushi ba ya ƙwarewa sai ya shekara da shekaru yana bita, kamar yadda ba a zama gwani da karatun dare ɗaya. Kuma baki goma sha biyar ne za a ciyar, alhali uban biki ya ga yaro ɗaya ya ishe shi.

Duk da haka mabusan ba su ƙare ba. Suna nan a badujalar 'yan sanda da ta soja, da majami'un Sabon Gari, suna karanta rubutun kiɗa daga takarda. Wanda ya yi niyyar sake tayar da "Ikon Allah" a zauren Tarauni da bakin mutane, can zai je ya nemo su, ya kuma tanadi ladan bitarsu na makonni kafin ranar.