Keken Rubutu Bayan Ya Bar Ofis

Keken rubutu, watau tafireta, ya shiga kasuwa ne a Amurka cikin shekarar 1874, sa'ad da kamfanin Remington, wanda aka fi sani da ƙera bindigogi, ya ɗauki ƙirar Christopher Sholes ya soma sayarwa. Jerin haruffan nan da ya fara da Q, W, E, R, T, Y daga gare shi aka gada, kuma shi ne har yau a kan kwamfuta da wayar hannu.

A ƙasar Hausa kuwa, tare da mulkin Turawa ya zo. Ya fara zama a ofishin Razdan da na Di'o, sa'an nan ya gangara ofisoshin En'e da kotuna da makarantu. Duk ma'aikacin da ya yi aiki a Babura ko Kazaure kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, lokacin da yankin ke cikin Jihar Kano, ya san cewa takardar da ba ta bi ta hannun mai buga tafireta ba, ba ta cika takardar hukuma ba. Shi ke jera takardar kabon domin a sami kofe uku ko huɗu a bugu ɗaya, shi ke yanka sitansil na jarrabawa. Idan ya yi rashin lafiya, ofis ya tsaya.

Amma wannan na'ura ba domin Hausa aka ƙera ta ba, kuma nan ne tarihinta ya fi shafar ɗalibin harshe. Kekunan Imperial na Ingila da Olympia na Jamus da suka cika ofisoshi ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Alhali kuwa ƙugiyar nan ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba fada da faɗa, ta raba kafa da ƙafa. Saboda haka akawu yakan yi ɗaya daga cikin uku: ko ya sa ɗan waƙafi a gefen harafin, ko ya bi da alƙalami bayan ya gama ya lanƙwasa ƙugiyoyin da hannu, ko kuwa ya bar mai karatu da hankalinsa. Na ukun ya fi yawa, kuma lalle yana cikin dalilan da suka sa mutane da dama suka saba rubuta Hausa ba ƙugiya. Sai a shekarun 1980 aka tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, aikin da Farfesa Kay Williamson ta sa hannu a cikinsa, har aka ƙera keken da ke ɗauke da su. Bai daɗe ba kwamfuta ta iso.

Yau keken rubutu ya zama abin tarawa. A Amurka ɗan wasan fim Tom Hanks ya tara ɗaruruwa, kuma tun da kamfanin Godrej na Indiya ya sayar da ragowar kekunansa a 2011, darajar tsofaffin ta ƙaru. A nan gida akasin haka ake gani: keken da ya yi shekara talatin yana aiki yakan ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan, a saye shi da nauyin ƙarfensa.

Wanda ya yi niyyar adana ɗaya, abin da zai fara dubawa shi ne haruffan. Keken da ke da ƙugiya ya fi na Turanci zalla wuyar samu nesa ba kusa ba. Bayan haka sai lambar da aka zana a jikinsa, domin da ita ake gane shekarar ƙira. Babban abokin gabarsa ƙurar hunturu ce, musamman idan ta haɗu da mai. Yawan zuba mai shi ke sa sandunan haruffa su daskare, don haka buroshi da rufi sun fi masa amfani. Robar da takarda ke naɗewa a kanta takan bushe da zafi, sai a riƙa sa takarda biyu domin kada haruffan su ci rauni.

Har ila yau akwai amfanin da ya wuce sha'awa. Kowane keke yana da tabonsa: wani harafin ya karkace, wani ya gutsure. Da irin wannan tabo ne mai bincike kan iya gane ko takardar gona ko ta gado da aka kawo gaban alƙali ta fito daga ofishin da ake da'awa, muddin akwai keken, ko wata takardar da ya buga, da za a gwada su.