Warin banɗaki: Bawul kaɗai ba ya isar gidan da ke da sokawe

A garuruwan Machina da Nguru da Gashuwa, sababbin gidaje na ƙara rungumar banɗakin zamani a cikin ɗaki. Sai dai iyalai da dama na fama da abu guda: an wanke, an zuba turare, amma ɗoyi bai daina tasowa ba. Sau da yawa uwargida ake ɗora wa laifi, alhali matsalar tana cikin bututu.

A ƙarƙashin kowane masai na zamani da wurin wanke hannu akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, zurfinsa kamar santimita 5. Wannan ruwan ne ke tare iskar da ke tasowa daga ramin sokawe. Idan aka kora ruwa da yawa a babban bututu mai faɗin inci 4, yakan ja iska a bayansa. In babu ta inda wata iskar za ta shigo, sai ya zuƙe ruwan lanƙwasar. Alamar hakan ita ce ƙarar "gul-gul" bayan an kora ruwa, sannan wari ya biyo baya.

Maganin da aka saba shi ne a miƙa bututu ya zarce rufin gida. Amma tun shekarun 1970 aka ƙera wani ɗan bawul a ƙasar Suwidin wanda ake ɗorawa a kan bututun a cikin gida. Yana da faifan roba da ke ɗagawa idan bututu ya buƙaci iska, ya koma ya rufe da kansa. Amfaninsa a fili yake: ba a huda kwano, don haka babu yoyo da damina.

To amma shigar da iska kawai bawul ke yi, ba ya fitar da ita. Gidajenmu kuwa ba a haɗe suke da babbar magudanar gari ba, kowa da raminsa. Ƙazantar da ke ruɓewa a ramin tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke sa ciwon kai da tashin zuciya, da kuma wata da ke iya kamawa da wuta. Idan aka toshe kowace kafa da bawul, iskar za ta nemi hanya ta cikin banɗaki. Saboda haka dole a bar aƙalla bututu ɗaya a buɗe, ya zarce rufi, nesa da taga. A sa masa raga a baki, don sauro na hayayyafa a sokawe.

Yanayin arewacin Yobe ma abin lura ne. Ƙurar hunturu da rairayin da iska ke kwasowa a yankin Machina na iya maƙalewa a faifan robar, ya kasa rufewa da kyau. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana busar da ruwan lanƙwasa a banɗakin da ba a cika shiga ba, kamar na ɗakin baƙi. Zuba bokiti guda duk mako ya wadatar.

Idan mai gyaran famfo zai sa bawul, maigida ya tabbatar an kafa shi a tsaye, sama da bakin wurin wanke hannu mafi tsawo a kan layin, a inda iska ke shiga kuma hannu zai kai. Kada a binne shi a bango a shafe da siminti, domin robar na tsufa, wata rana sai an canza.

In wari ya ci gaba bayan duk wannan, a duba ko ramin ya cika ko bututu ya tsage. Kada kowa ya shiga ramin sokawe ko ya leƙa da ashana, iskar cikinsa na iya kashe mutum cikin mintoci.