Yadda hawan kuɗin ruwa ya karya gundumar Orange

Kafin 1994, Robert Citron, ma'ajin gundumar Orange a jihar Kalifoniya, ya ciwo bashi mai yawa ya sayi takardun jari waɗanda ribarsu ke ƙaruwa idan kuɗin ruwa ya sauka, ta kuma ragu idan ya hau. A shekarar 1994 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 3 zuwa 5.5 cikin ɗari. Asarar ta haura dala biliyan 1.5, gundumar ta ayyana karayar arziki a watan Disamba.

Masu riƙe da irin wannan jari kan lissafa tun farko: in ruwa ya ƙaru da kashi 1, nawa za a rasa? Daga nan sai su ƙulla yarjejeniyar musanya da za ta biya su idan ya hau. Citron kuwa ga saukarsa kaɗai ya jingina.