Agogo Ya Ce Ka Huta, Jiki Ya Ce Ka Ɗaga

Mai ɗaga ƙarfe yana da iko a kan kilo nawa zai ɗora da sau nawa zai ɗaga. Amma ginin tsoka sai ya ajiye ƙarfen ya koma gida yake kankama: jiki kan shafe awa 24 zuwa 48 yana gyara abin da aka wahalar, a lokacin hutu da barci. Nan ne ikonsa ya ƙare, nan kuma kamfanoni suka hango kasuwa.

A 2012 Will Ahmed ya kafa Whoop mai yin na'urar ɗaurawa a hannu a Boston ta Amurka, a 2013 aka kafa Oura mai yin zobe a garin Oulu na Finland. Na'urorin suna haska koren haske ko makamancinsa cikin fata, su karanta gudanar jini, su auna ɗan bambancin tazarar da ke tsakanin bugun zuciya da mai bi masa. Idan bambancin ya yi ƙasa da yadda jikinka ya saba, alama ce ta gajiya, ko rashin barci, ko ciwon da ke tafe. Da safe Whoop kan ba ka maki: kore, rawaya ko ja.

Ilimi ne na gaske, kuma yana da amfani ga mai taurin kai da ba ya yarda ya gaji. Sai dai zuciya na'urar take saurare, ba cinyar da ta sha tsugunno da kilo 100 jiya ba. A 2017 masana a Jami'ar Stanford suka gwada agogo 7 na hannu. Yawancinsu sun auna bugun zuciya daidai gwargwado, amma wajen ƙiyasta kuzarin da aka ƙona, mafi kyawunsu ya kuskure da kashi 27 cikin ɗari. Sun kuma lura kuskuren ya fi yawa ga masu duhun fata, abin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙara da cewa idan ka damƙe ƙarfe, jijiyoyin wuyan hannu suka ɗaure, karatun agogon kan rikice.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda maki ke shiga zuciyar mutum. A shekarar ta 2017 mai binciken barci Kelly Baron da abokan aikinta suka ba da rahoton marasa lafiya da neman kyakkyawan makin barci ya ƙara hana su barci. Kafin nan, a 2014, an yi wani gwaji a Kwalejin Colorado: aka gaya wa wasu ɗalibai cewa na'ura ta nuna barcinsu bai yi kyau ba, alhali sakamakon ƙirƙirarre ne, sai ƙoƙarinsu a gwajin ƙwaƙwalwa ya ragu. Ka tashi garau, ka duba waya ka ga ja, nan take gwiwa ta yi sanyi. Barci kuwa ba a kama shi da ƙarfi.

A ganina, makin dare ɗaya bai isa ya soke atisaye ba. A duba inda ya dosa cikin mako biyu ko uku. Tun kafin waɗannan na'urori, Gunnar Borg ɗan Suwidin ya tsara ma'auni daga 6 zuwa 20 wanda mutum da kansa zai faɗi yadda aiki ya yi masa nauyi, kuma masu horarwa na aiki da irinsa har yau. Ka fara ɗumama jiki da ƙaramin nauyi tukuna. In ƙarfen da ka saba ya tashi cikin sauƙi, ci gaba. In ya yi maka nauyin da ba ka san shi da shi ba, rage kilo ka tashi da wuri, ko da agogon ya nuna kore.