BABI NA UKU: FARAUTAR TAGWAYEN BAƘAƘEN RAMUKA A CIKIN KWEZA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin baƙin rami da yadda ƙarfin janyowarsa ke hana ko da haske kuɓuta daga gare shi. A wannan babi kuwa za a duba wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana ilimin taurari tuwo a ƙwarya. Lissafi ya nuna lallai akwai manyan baƙaƙen ramuka masu zagaya juna bibbiyu, amma har yau ba a sami tagwaye na kurkusa da masana suka haɗu a kansu ba tare da jayayya ba. Za a kawo dalilin zaton samuwarsu, da hanyoyin nemansu, da kuma abin da ke sa shaidar ta riƙa suɓucewa.

3.1 Ma'anar Kweza

Kweza wata cibiya ce mai tsananin haske a tsakiyar garken taurari mai nisa. Garken taurari shi ne tarin biliyoyin taurari da ke tafiya tare, kamar wanda ranarmu take ciki. A shekarar 1963 ne Maarten Schmidt ya gano cewa wani ɗigon haske mai suna 3C 273, wanda ake ɗauka tauraro ne, yana can nesa da mu da fiye da shekarun haske biliyan 2. Shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a shekara guda. Haskensa kuwa ya zarce na garken taurari sukutum.

Tushen wannan haske shi ne gawurtaccen baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi. Iskar gas da ke gangarawa cikinsa takan yi faifai tana kewaya shi, ta yi zafi ƙwarai, sai ta yi haske. Ke nan ramin ba ya ganuwa, amma cimarsa tana tona asirinsa. Wannan ne ya sa masu neman tagwaye suka fi karkata ga kweza.

3.2 Dalilin Zaton Samuwar Tagwaye

Dalilin ya ginu ne a kan abubuwa biyu da aka tabbatar. Na farko, kusan kowane babban garken taurari yana da gawurtaccen rami a cibiyarsa. Na garkenmu yana da nauyin rana kimanin miliyan 4, na garken M87 kuwa, wanda aka fitar da hotonsa a 2019, ya kai biliyan 6.5. Na biyu, garkuna sukan yi karo su haɗe su zama ɗaya. Idan haka ta faru, ina ramukan biyu za su nufa?

A shekarar 1980 Begelman da Blandford da Rees suka fayyace matakan da ramukan ke bi. Da farko kowane rami yakan nutse zuwa tsakiyar sabon garken, saboda gogayya da taurarin da yake ratsawa. Daga nan sai su kama juna su shiga zagaye, suna watsar da taurarin da suka kusance su, tazararsu tana raguwa. A ƙarshe sai su riƙa girgiza sararin samaniya suna fitar da igiyoyin nauyi, har ƙarfinsu ya ƙare su haɗe.

Sai dai akwai gargada a mataki na biyu. Idan tazarar ta ragu zuwa kimanin shekarun haske 3, taurarin da za a watsar na iya ƙarewa, tafiyar ta tsaya cik. Don haka gano tagwaye na kurkusa zai nuna ko ramukan suna tsallake wannan gargada, kuma zai bayyana yadda suka yi irin wannan girma.

3.3 Hanyoyin Nema

Hanya ta farko ita ce gani da ido, wato ta na'urar hangen nesa. A 2003 an ga ramuka biyu a garken NGC 6240, tsakaninsu akwai shekarun haske kimanin 3,000. A 2006 kuma na'urorin rediyo suka raba wasu biyu a garken 0402+379, tazararsu shekarun haske 24 kacal. Amma waɗanda suka fi haka kusa, a nisan kweza, ba sa rabuwa. Misalinsu kamar fitilun babbar mota ne da dare: tana nesa sai a ga haske ɗaya, sai ta matso ake gane biyu ne.

Hanya ta biyu ita ce tsaga hasken kweza zuwa launuka kamar bakan gizo. Abin da ke tunkaro mu haskensa kan karkata zuwa shuɗi, wanda ke nesanta kuma zuwa ja, kamar yadda ƙarar mota ke sauyawa idan ta wuce mutum. Idan aka ga alamomi kashi biyu, ɗaya ya karkata nan ɗaya can, sai a yi zaton ramuka biyu ne. Illar wannan hanya ita ce faifan gas na rami guda ma yana iya ba da wannan alama, tun da gefe ɗaya na faifan yana zuwa, ɗayan yana tafiya.

Hanya ta uku, wadda aka fi bi, ita ce sa ido ga hasken kweza shekara da shekaru. Idan yana ƙaruwa yana raguwa a kan ƙayyadadden lokaci, to wataƙila zagayen tagwaye ne ke kaɗa masa ganga.

3.4 Misalan da Suka Yi Fice

Wanda ya fi shahara shi ne OJ 287, ɗan dangin kweza da ke cikin hotunan sama tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1988 masana a ƙasar Finlan suka lura yakan yi walƙiya kusan duk shekara 12. Bayanin da Mauri Valtonen da abokan aikinsa suka gina shi ne, ƙaramin rami mai nauyin rana miliyan 150 yana zagaya babba mai nauyin biliyan 18, yana huda faifansa sau biyu a kowane zagaye. Sun yi hasashen walƙiya a ƙarshen Yulin 2019. A lokacin rana ta tare wa na'urorin ƙasa gani, amma na'urar Spitzer da ke sararin samaniya ta gan ta a ranar 31 ga wata, kusan daidai lokacin da aka faɗa. Duk da haka, ayarin Stefanie Komossa ya ba da rahoton cewa walƙiyar da ake jira a Oktoban 2022 ba ta zo ba, kuma a lissafinsu babban ramin bai wuce nauyin rana miliyan 100 ba. Muhawarar ba ta mutu ba.

Na biyu shi ne PG 1302-102, wanda Matthew Graham da ayarinsa suka sanar a 2015. Haskensa yana hawa da sauka duk kwana 1,884, wato shekara 5 da 'yan watanni. A wannan shekara suka tace kweza fiye da 240,000 suka fitar da 111 da ake zato.

Na uku shi ne PKS 2131-021, wanda aka sanar a 2022 bayan haɗa bayanan rediyo na shekara 45. Abin sha'awa shi ne, Sandra O'Neill, wadda sunanta ya zo a farkon masu binciken, ɗalibar digirin farko ce a lokacin a Kalifoniya.

3.5 Matsalar Kama da Wane

Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. Kowace kweza, ko mai rami ɗaya ce, haskenta yana hawa da sauka a hankali ba bisa tsari ba. Idan aka yi ruwa ranar Talata, aka sake yi wata Talatar, ba za a ce ruwan sama yana da ranar kasuwa ba, sai an ga damina ta ƙare a haka. To, waɗancan 111 an zaɓo su ne daga bayanan kimanin shekara 9, inda wasunsu zagaye ɗaya da rabi kawai aka gani. A cikin kweza dubu ɗaruruwa kuwa, dole a sami waɗanda katari ya sa suka yi kama da masu tsari.

A 2016 Simon Vaughan da abokansa suka nuna cewa irin wannan hawa da sauka na banza yana iya yin kama da zagaye na gaskiya, matuƙar ba a ga maimaici da yawa ba. Da aka ƙara sababbin bayanai a 2018, shaidar PG 1302-102 kanta ta raunana. Abin lura a nan shi ne, zagaye ɗaya yana cin shekaru, don haka tabbatar da kweza guda na iya cinye rabin rayuwar aikin mai bincike.

3.6 Shaida Daga Wata Kafa

A 2015 na'urar LIGO ta Amurka ta ji igiyoyin nauyi daga haɗuwar ƙananan ramuka biyu, kowanne kimanin nauyin rana 30. Igiyoyin manyan ramuka sun yi mata tsawo, don haka ake amfani da falsa, wato matattun taurari masu aiko da bugun rediyo daidai kamar agogo. A Yunin 2023 ayarin NANOGrav, bayan shekara 15 yana auna falsa fiye da 60, tare da wasu ayarori a Turai da Indiya da Ostareliya da Sin, ya sanar da alamar wani gunji da ya cika sararin samaniya. Fassarar da ta fi rinjaye ita ce muryoyin tagwaye masu ɗimbin yawa ne suka cakuɗe, kamar hayaniyar kasuwa daga nesa, wadda ake ji amma ba a tantance muryar kowa.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa lissafi da gunjin da aka ji duk suna nuna akwai tagwayen, abin da ya rage shi ne a nuna su da yatsa. Cibiyar hangen taurari ta Vera Rubin da ke ƙasar Cile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, an tsara ta riƙa ɗaukar sararin kudu a kai a kai har shekara 10. Hukumar sararin samaniya ta Turai kuma ta amince a 2024 da gina na'urar LISA, da nufin harba ta wajen 2035. Ranar da hasken wata kweza da igiyoyin nauyinta suka ba da lokaci ɗaya, shaidu biyu sun haɗu ke nan. Babi na gaba zai duba yadda ake auna waɗannan igiyoyi.